Gaskiyar Abin da Ya Sami Hannun Yayanka

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Daga mahaifinka, Garba Maɗori, a Madadi ta ƙasar Gwarzo, zuwa ga ɗana Habibu.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka ka sauka lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya da na mota, Ya haɗa ka da malamai masu tausayi da abokan zama na kirki. Amin.

Na cusa ta a akwatinka ƙarƙashin bargo don kada ka gan ta sai ka isa makaranta a Kano. Ka yi haƙuri da rubutun. Ɗan bokon da na koya a ajin yaƙi da jahilci ne, kwana huɗu na yi ina fama da ita bayan la'asar. Da zan iya kallon idonka in faɗi abin da ke ciki, da ban wahalar da kaina da alƙalami ba.

Ranar da hedimasta ya zo yi mini murnar cin jarrabawarka, ya ce a makarantar da za ka ana wani wasa, ana dukan 'yar ƙwallo mai tauri da tafin hannu a jikin bango. Ya ce yaro mai zafin nama irinka ba zai daɗe ba za a sa shi a sahun gaba. Yana faɗa yana dariya, ni ma na yi dariya. Da ya tafi sai na kasa tashi daga kan tabarma. Ba hana ka wasa zan yi ba. Labarin yayanka Ɗanjuma zan ba ka, don wanda ka tashi da shi ba gaskiya ba ne, kuma ni na shirya shi.

Kana da shekara shida lokacin. Abin da ka sani shi ne yayanka ya yi taurin kai, ya ɓoye ciwo, ya shiga dambe, hannunsa ya lalace, daga baya ya bar gida. Haka na faɗa wa mutane, haka ka ji. To, ka saurara.

Yana ɗan shekara goma sha biyar ya fara bin 'ya'yan mahauta fagen dambe. A gidanmu ba a gaji dambe ba, ɗori muka gada, amma Allah Ya ba shi. Kakar farko ya kayar da samari biyu a nan Madadi, ya je garin Jama'a ya kayar da wani. Shekarun nan gyaɗa tana daraja, da an gama kai buhuna ma'auna sai gari ya cika da kiɗa, kowa da abin kyauta a aljihu. Masu kalangu suka fara zuwa ƙofar gida suna yi masa kirari, suna haɗawa da sunana. Ba zan ɓoye maka ba, daɗi ya kama ni. Ni da kaina na samo tsohon buhun gyaɗa na cika shi da yashi, na ɗinke bakinsa, na rataye a reshen tsamiyar bayan gida. Shi yana dukansa sau ɗaya a yini, na ce bai isa ba, ya riƙa yi da safe da yamma. In ya tsaya hutawa sai in leƙo ta katanga in ce, "Har ka gaji?" Ga kuma aikin gona bai fasa ba, shi ke cirar gyaɗa, shi ke ɗora buhu a kan jaki. Hannun nan bai samu hutun yini ɗaya ba tun daga ƙarshen damina.

Habibu, ƙashin yaro ba na babba ba ne, bai gama ƙwari ba. Ni da nake taɓa ƙashi kullum na fi kowa sanin haka, amma na manta da shi a kan ɗana saboda kirari. Duk wasan da za ka yi, ka ba jikinka ranakun hutu. In malamin wasa ya matsa maka saboda sunan makaranta, ka ba shi girmansa, amma ka tuna in hannun ya lalace shi zai samu wani yaron, kai kuwa ba ka da wani hannun.

Wata safiya a kaka ta biyu, ina zaure ina gyara karan ɗori, ya yi sallama ya durƙusa. Ya miƙo hannun dama, ya ɗora yatsa ɗaya a bayan hannun, kan ƙashin da ya gangaro daga manuniya.

Ya ce, "Baba, nan wurin yana yi mini ciwo. In na daki buhu sai in ji kamar an soka allura. In na huta sai ya lafa."

Na kama hannun na bi ƙashin da babban yatsana. Ba kumburi, ba gocewa, ban ji ƙarar nan da karaya ke yi ba. Na danna wurin, ya ja numfashi. Na ce, "Ba komai a nan. Gajiya ce. Shafa man shanu." Ya ce, "To, Baba." Ya tashi ya koma wajen buhu.

Abin da yatsana bai ji ba, a wurina babu shi. Haka na ɗauki kaina. Yanzu na san akwai tsagewar da ke kama ƙashi a hankali, ba da bugu ɗaya ba, siririya kamar gashi, ba maɗorin da zai ji ta. Alamarta ita ce abin da yaron ya faɗa da bakinsa. Ka riƙe wannan: ciwon da za ka iya nuna wurinsa da kan yatsa ɗaya, wanda ke tashi in ka yi aiki ya kwanta in ka huta, kada ka raina shi. Ka daina abin da ke tayar da shi, ka je a duba. Kada ka jira kumburi.

Bayan kamar mako uku, mahaifiyarku, Allah Ya jiƙanta, ta same ni ina alwala. Ta ce, "Malam, ka lura da yaron nan kuwa? Ba ya iya dunƙula loma. Da gefen hannu yake ɗibar tuwo. Buta ma da hagu yake ɗauka. Bayan hannun ya ɗan tasa."

Na ce, "Na duba shi."

Ta ce, "Ka sake dubawa, don Allah."

Na ajiye butar na ce, "Ke kika gaji ɗori ko ni?"

Ta juya ta koma madafa. Ita ba ta san sunan ƙashi ko ɗaya ba, amma ita ke kallonsa yana cin abinci. Shekara ashirin da wani abu muka zauna, ban taɓa gaya mata maganar da na yi nadama kamar wannan ba. In wanda ke zaune da kai ya ce ya ga wani canji a jikinka ko a halinka, ka saurare shi, ko da bai yi karatun da ka yi ba. Za ka dawo mana da ilimi, in Allah Ya so. Kada ya toshe maka kunne yadda nawa ya toshe mini.

Ashe mahaifiyarku ta aika a ɓoye an gaya wa malamin asibiti na Gwarzo. Ranar da ya zo ƙauyenmu yi wa yara lamba, sai ya biyo ta gidan kamar gaisuwa ce ta kawo shi. Saurayi ne mai ladabi, ya cire takalmi tun daga waje. Ya duba hannun, ya yi wa yaron tambayoyi, sannan ya juyo gare ni.

Ya ce, "Baba, kun fi ni sanin ƙashi. Amma da za a bar hannun nan ya huta kamar kwana arba'in, ba duka ba ɗaukar kaya, da ya fi. In da hali kuma a kai shi birni a yi masa hoton ƙashi."

Akwai mutum biyu a zauren da suka kawo targaɗe. Abin da ya fara zuwa raina ba ɗana ba ne, su ne. Na ce a raina gobe za a ji a kasuwa cewa Garba Maɗori ya kasa gane ciwon ɗansa, sai da aka kai wa Bature. Na yi murmushi na ce, "Malam, mun gode. Tun kafin a haifi mai na'urar hoton muke ɗori a gidan nan." Mutanen suka yi dariya. Ya sunkuyar da kai, ya yi sallama ya hau kekensa.

Kwana arba'in kawai ya roƙa, Habibu. Yau shekara tara ke nan ina lissafa abin da kwana arba'in ɗin za su saya mana. Kada kunyar mutane ta hana ka neman magani. Waɗanda suka yi dariyar nan ba wanda ya taɓa zuwa ya riƙe wa yayanka fartanya.

Da aka gama awon gyaɗa, mutanen Masanawa suka aiko da goron gayyata. Sun shirya dambe, suna da wani saurayi ɗan mahauta daga wajen Kabo wanda ya girmi yayanka da shekara uku, sun ce Ɗanjuma suke so. Sarkin Fawan garinmu ya kawo goron, na karɓa ban tambayi yaron ba.

Ranar tafiya da hantsi, Sarkin Fawa da mutanensa suna ƙofar gida da makaɗa, sai yayanka ya ja ni gefe. Ya yi ƙasa da murya ya ce, "Baba, ba zan iya ba. Yanzu ko ban taɓa komai ba yana zugi. Don Allah a ba su haƙuri, in ya so baɗi."

Da na amsa masa a hankali yadda ya yi mini magana, da ko ban yarda ba asirinsa ya rufu. Sai na ɗaga murya yadda kowa zai ji, na ce, "Ciwo ne ko tsoro? In tsoron ɗan Kabo kake ji, faɗa wa Sarkin Fawa da bakinka, ga shi nan."

Yayanka ya dube ni, idonsa ya kawo ruwa, bai bari ya zubo ba. Ya shiga ɗaki ya ɗauko igiyarsa ta naɗin hannu ya ce, "Mu tafi."

Kada ka taɓa kiran wani matsoraci don ya ce yana jin ciwo. Kai ma in an kira ka haka, ka haɗiye. Kalmar za ta yi maka zafi mako ɗaya, ta wuce.

Yanzu zan faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai kwanan nan. A Masanawa, bayan la'asar, ni na naɗe masa hannu. Da na kama shi sai na ji wurin da zafi kamar an ɗora garwashi, na kuma ji wani ɗan tudu mai tauri a kan ƙashin wanda da babu shi. A lokacin na gane. Yatsuna sun gaya mini ƙashin nan ba lafiya. Na ɗaga kai na ga fage ya cika, har kan bishiya mutane, kalangu na kiran sunana. Sai na ja igiyar na ƙara tamke ta, na ce wa kaina ɗaurin zai riƙe shi. Yana kallona ina yi.

A turmin farko na damben bai kai duka ba, sai kewaye yake yana karewa da hagu. Mutane suka fara ihu. A turmi na biyu na miƙe tsaye na daka masa tsawa, na ce, "Kai masa mana!" Ya kai. Ɗan Kabo ya sunkuya, dukan ya sauka a tsakar kansa. Cikin duk hayaniyar nan na ji ƙarar. Ban sani ba ko wani ya ji, amma ni na san ta, ita ce sana'ata.

Bai faɗi ba. Ya tsaya cik, ya sauke hannun, ya juya wa abokin karawarsa baya, ya tako a hankali har inda nake. Wasu suna yi masa ature, sun zaci gudu ya yi. Ya durƙusa a gabana, gumi na zuba, ya tallafo hannun da hagu ya miƙo mini.

Ya ce, "Baba, duba. Yanzu za ka ji ta."

Ba da gatse ya faɗa ba. Da ma da gatsen ne, da na fi samun sauƙi.

Da na warware igiyar, ƙashi biyu ne suka karye, ɗaya ya hau kan ɗan'uwansa. A kan jaki muka dawo da shi. Washegari mutane suka cika zaure ana jaje. Wani dattijo ya ce, "Malam Garba, kai da ɗori a gidanka, yaya aka yi haka?" Sai na ji bakina yana cewa, "Wallahi yaran yanzu sai haƙuri. Ashe ya daɗe da ciwo, bai taɓa gaya mini ba." Har rantsuwa na yi. Yayanka yana kwance a ɗakin da ke jikin zauren, asabari kawai ke tsakaninmu. Ya ji. Mahaifiyarku ma ta ji.

Karayar hannu ƙaddara ce, zan iya cewa haka in samu mai yarda. Wannan kuwa ni na zaɓa. In ka yi kuskure, ɗana, ka ɗauki abinka tun yana sabo. Kada ka ɗora wa wanda ba zai iya musa maka ba. Ya yi shiru don ni ubansa ne, ni kuma na fake da shirun.

Ni na yi masa ɗorin, na kuma ƙi a kai shi ko'ina. Hannun ya kumbura, yatsu suka yi sanyi, na ce haka ɗori yake. Sai da kawunku ya zo daga Jama'a, ya tsaya a tsakar gida ya ce ko da yardata ko babu zai tafi da yaron. Na bi su a baya a motar gyaɗa, muna zaune kan buhuna. A asibitin birni likita ya ɗaga hoton a jikin taga, tafinta yana fassara. Ya nuna mini tsohuwar tsagewar, ya nuna inda ƙashin ya yi ta ƙoƙarin haɗe kansa, wato tudun da na ji, ya nuna inda sabuwar karayar ta bi ta kai. Ya ce yakan ga irin haka a samari masu dukan abu ɗaya kullum, kuma da an bar shi ya huta da ya warke da kansa. Ya tambaya, "Yaron bai taɓa kuka da wurin ba?"

Kafin in buɗe baki yayanka ya ce, "Ban faɗa ba."

Sun yi iya ƙoƙarinsu, amma mun makara. Manuniya da na tsakiya suka sandare, hannun ba ya dunƙuluwa har yau. Dambe ya ƙare. Fartanya tana suɓuce masa. Ɗorin ma da nake shirin gadar masa, yana son hannu biyu masu ƙarfi. Damina ɗaya ya ƙara yi a gida. Kullum da safe zai durƙusa ya gaishe ni, in na aike shi ya je, bai taɓa ɗaga mini murya ba, bai kuma taɓa sake zama ya yi hira da ni ba. Da kaka ta zo ya nemi izini, ya bi mota zuwa Kano. Yana gadi a filin da ake tara dalar gyaɗa. Lokacin da mahaifiyarku ke raye yakan aiko mata sabulu da turmin atamfa, a ƙarshen saƙon ya ce a gaida Baba.

Sau ɗaya na je na same shi, da niyyar in roƙe shi gafara. Ya shimfiɗa mini tabarma a inuwar buhuna, ya sayo mini fura. Muka gaisa, ya tambayi gida mutum ɗaya ɗaya, na tambayi aiki. Muka yi zancen ruwan bana, muka yi zancen tsadar taki. Ina kallon hannun a kan gwiwarsa. Aka kira azahar muka yi salla, ya raka ni tasha, na hau mota na dawo da maganata a ciki. Da mahaifiyarku ta kwanta ciwon ajali ta ce mini, "Malam, yaron nan ba abin duniya yake jira a wurinka ba." Na ce in ta samu sauƙi za mu je tare. Ba ta samu ba.

Juma'ar da ta wuce, da aka idar da salla, na miƙe a ƙofar masallaci na roƙi dattawa su dakata. Wasu daga cikin waɗanda na yi wa rantsuwar sun rasu, amma akwai saura. Na faɗa musu duk abin da na rubuta maka, har da zafin da na ji lokacin naɗin igiya. Na zaci za a yi salati, ko a zage ni. Ba wanda ya motsa. Sarkin Fawa, wanda yanzu sai da sanda yake tafiya, ya ce, "Malam Garba, ai mun sani. Muna tsaye a ƙofar gidanka ranar. Mun yi shiru ne muna jira ka faɗa."

Shekara tara ina tsaron mutuncin da tun ranar babu shi. Kai kaɗai ne a garin nan ka yarda da ni, don kai yaro ne. Ka yafe mini wannan.

Ga abin da nake roƙonka. Ranar da aka fara ba ku izinin fita, ka nemi yayanka, kowa a filin dalar gyaɗa ya san shi. In za ku gaisa kada ka matse masa hannu, yana yi masa zugi in gari ya yi sanyi. Ka karanta masa takardar nan tun daga farko, kada ka tsallake komai don ka rufa mini asiri. Kada ka roƙe shi a madadina, kada ka matsa masa ya ba da amsa. Ka dai gaya masa ina nan tafe da ƙafata bayan an cire gyaɗa, in Allah Ya kai mu, kuma wannan karon ba zancen ruwa zai kai ni ba. In ya yafe, alherinsa ne. In bai yafe ba, haƙƙinsa ne, kada ka ga laifinsa.

Ka tsare salla a kan lokaci. Ka ci abinci ko ba ya maka daɗi. In wani abu ya dame ka, a jiki ko a rai, ka rubuto mini, zan yarda da kai tun a karon farko.

Allah Ya tsare ka, Ya tsare gaɓoɓinka, Ya ba ka ilimi mai amfani, Ya dawo mana da kai lafiya. Allah Ya jiƙan mahaifiyarku, Ya sanyaya zuciyar yayanka, ni kuma Ya ba ni kwanan da zan isa gare shi. Amin.

Wassalam.

Mahaifinka,
Garba Maɗori, Madadi.